Tuwon da Kaka Ta Ƙi Ci

Ƙarfe biyu da kwata na rana na shiga ɗauko kwanon Kaka, na tarar da tuwon yadda na kai shi. Na riƙe lokacin ne domin biyu da rabi take shan maganin rana, ni kuma aka ɗora wa duba agogo. Malmala biyu na sa mata. Ta gutsuri gefen ɗaya, ɗan abin da bai fi a jefa wa kaza ba, ta mayar da murfi, ta tura kwanon ƙarƙashin gado.

"Kaka, ai ba ki ci ba."

"Na ci mana. Cikina ne ko naki?"

"To ko miyar ce ba ta yi ba?"

"Miya ta yi. Allah ya yi albarka. Kwashe."

Na kwashe. A kicin na tsaya na lakaci miyar da yatsa, na sake lakata. Kuka ce, na kaɗa ta ba gudaji ko ɗaya, na sa daddawa da ɗan busasshen kifi, gishiri kaɗan kamar yadda likita ya ce. Ban ji abin da ya rage ba. Amma ban yarda da harshena ba, domin a gidanmu ba a san ni da girki ba, an san ni da ƙona shi.

Kaka mahaifiyar Ummanmu ce. A Fagam take, can ƙasar Gwaram, ita da ƙanwarta da muke kira Iya, suna noma gonar da kakanmu ya bari. Farkon daminar da na gama sakandare zazzaɓi ya kayar da ita, Baba ya je da mota ya ɗauko ta zuwa babban asibitin Birnin Kudu. Iya ce ta yi jinyarta a can. Ta zo da ƙullin garin kunu da fura daga gida, ta ce kada mu wahalar da kanmu da kai abinci. Da aka sallami Kaka, likita ya ce kada ta yi nisa, za a riƙa dawo da ita ana dubawa. Ya ce maganin da ya rubuta ba a shan sa da yunwa, kuma in jiki bai dawo ba zai mayar da ita gado a ɗaura mata ruwa. Iya ta koma Fagam saboda ciyawa ta fara cin gona. Kaka ta dawo gidanmu, Baba ya bar mata ɗakinsa ya koma shagon da ke jikin zaure.

Gadon asibitin nan kuwa ba abin da Kaka ta tsana kamarsa. Ta ce in za a sake kwantar da ita a wurin da ake neman jijiya a bayan hannun mutum kamar ana tonon gyaɗa, to a tafi da likkafaninta a jaka kawai, a huta da dawowa ɗauka.

Umma tana koyarwa a firamare a Kangire. Da safe take hawa babur, ba ta dawowa sai wajen la'asar. Ni kuwa ina gida ina jiran sakamakon jarrabawa, saboda haka girkin rana da kula da Kaka suka faɗo kaina. Tun ina ƙarama aka yanke hukunci a kaina. Wata rana na ɗora wake na zauna a bakin murhu da littafi, ban ɗago ba sai da maƙwabta suka yi sallama suna tambayar ko gobara ce. Daga ranar na koma yin komai da tsoro. Ina auna ruwa da kofi. In na jiƙa kanwa sai na tace ta sau biyu. Shinkafa kuwa ƙwaya-ƙwaya nake tsince ta. Umma takan ce in ni ke da girki, na rana sai ya zama na yamma.

Da ta dawo ran nan na nuna mata kwanon. Ta duba, ta kalli ƙofar ɗakin Kaka, ba ta shiga ba. Umma ce 'yar farin Kaka. Tunda nake ban taɓa jin Kaka ta kira sunanta ba, ban taɓa ganin sun zauna suna hira ido da ido ba. In Kaka tana son wani abu daga wurinta, ni take aika, ko da Umma tana tsaye a bakin ƙofa. Sai ta ce, "Ki ce wa mutanen gidan nan a rufe tagar, iska." Umma kuma ta je ta rufe taga. To wannan ba za ta iya zama ta tsare uwarta da cokali ba.

"Mai tashi daga ciwo ba ya son abu mai nauyi," in ji Umma. "Gobe ki yi mata fate. Ki sake shi ruwa-ruwa."

Washegari na yi faten tsaki. Na dafa wake ya yi laushi, na zuba dakakkiyar gyaɗa da albasa da ɗan tarugu, sannan na wanke tsakin masara na zuba ina juyawa don kada ya kama. Da ya kusa nuna na yanka yakuwa da alayyahu na watsa a kai. Ƙamshin yakuwar ya cika tsakar gida. Na zuba a kwano mai murfi, na goge bakinsa da tsumma, na kai.

Kaka ta sha cokali kaɗan, ta ce in kai wa yaran maƙwabta sauran, sadaka maganin masifa.

Haka muka shiga. Da safe takan kurɓi rabin kofin kunu don ta haɗiyi ƙwaya, ta bi da ɓarin goro. Akwai ragowar furar da Iya ta bari, ta busar da ita ta ƙulle a gefen zani, takan ce in dama mata kaɗan da ruwa. Wannan takan shanye. Da furar ta ƙare, sai ya zama ba abin da ke shiga cikinta na kirki. Kullum in tambaye ta, "Kaka, me kike so in dafa miki?" Kullum ta ce, "Duk abin da ya samu, ƙawata." In ya samu kuma ta rufe shi.

Maƙwabciyarmu mai sayar da awara ta ga ina yawan miƙa wa 'ya'yanta kwano ta katanga, ta tambaye ni. Na faɗa mata da ƙyar, ina kallon ƙasa.

"Bakinta ne ya mutu," in ji ta. "Aikin magani ne. Tsami ke tayar da baki. Ki yi mata kunun tsamiya, ki kwaɗa mata rama. Tsohuwar ƙauye ce fa, kin tsare ta da girkin 'yan boko."

Ban ga abin boko a tuwo da fate ba, amma na yi. Na dafa rama na zubar da ruwan farko, na matse ta, na daka ƙuli-ƙuli da barkono na kwaɗa, na yanka albasa sirara-sirara. Wata rana zogale, wata rana tafasa da na yago a bayan gida. Na yi dambu a madambaci, na yi garau-garau da mai da yaji. Baba ya riƙa cewa gidan ya zama gidan biki. Shi da ƙannena suna cinyewa tas, har ana rigimar ƙanzo. Wannan ya kamata ya nuna mini wani abu, amma na ɗauka ai su komai aka ba su za su ci.

Kaka kuwa tana ramewa ina gani. Awarwaron da ke hannunta ya fara zamowa har gwiwar hannu in ta ɗaga carbi. Tana sallah a zaune. In ta sha magani sai ta kwanta ta dafe ciki, ta juya fuska bango don kada in gani.

Sai na tuna ɗanwake. In mun je hutu Fagam shi take yi mana da hantsi, a babban akushi, mu kewaye shi da tsinke, ita ma ta sa nata tsinken tana ture namu tana cewa jikoki ɓarayi ne. Na san tana son sa. Na kai wake da rogo inji, na tankaɗe garin, na zuba kuka, na kwaɓa da ruwan kanwa har ya yi danƙo yana bin hannu. Ruwa ya tafasa na riƙa jefawa ƙanana-ƙanana, daidai bakin tsohuwa. Da suka taso suka nuna na tsame a ruwan sanyi, na tsane. Na soya man gyaɗa da albasa har ta yi ja, na barbaɗa yaji. Na fere mata tsinke sabo.

Da na buɗe kwanon a gabanta na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta gyara zama. Ta soki ɗaya ta kai baki, ta lumshe ido, ta soki na biyu. Ni kuwa na koma bakin ƙofa na yi kamar ina gyaran labule.

Daidai nan Baba ya dawo daga masallaci. Kullum haka yake yi: ba ya shiga ɗakin, sai ya cire takalmi daga nesa, ya durƙusa a bayan labule ya gaishe ta.

"Inna, an wuni lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

Kafin ya rufe baki na ji ƙarar murfi. Kaka ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta amsa ƙasa-ƙasa.

"Lafiya lau, Malam. Jiki da sauƙi. Allah ya saka da alheri."

"Ana dai cin abinci ko? In akwai abin da ake sha'awa a faɗa wa yarinyar nan a sayo."

"Ana ci, Malam. Har ya yi yawa."

Ya tashi ya tafi. Na jira ta buɗe kwanon, ba ta buɗe ba. Na ce ko in ɗumama man, ya huce ne? Ta ce a'a, ta ƙoshi, in kwashe. Na kwashe na kai kicin, na zauna a kan turmi na yi kuka mara sauti, irin wanda na iya. A raina na ce kanwa ce ta yi yawa.

Ranar komawa asibiti ni na raka ta a keke mai ƙafa uku. Ma'aikaciyar jinya ta ɗora ta a sikeli, ta duba, ta ja fatar idonta ta leƙa. Sai ta juyo wurina.

"Wa ke ba ta abinci?"

"Ni ce."

"'Yammata, ko dai ba ki iya girki ba ne? Haka za ki yi wa mijin?"

Wasa take yi, har tana dariya, ta dafa kafaɗata. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Likita bai yi wasa ba. Ya ce jininta bai ƙaru ba, ƙarfi bai dawo ba. Ya ce zai ba mu zuwa dawowa ta gaba, in ya ga haka, to ranar ba za ta koma gida ba.

A hanya Kaka ta riƙe ƙarfen keken da hannu biyu tana kallon titi. Sai da muka kusa gida ta ce, "Kada ki faɗa wa mutanen gidan."

Na faɗa. Umma tana tsintar shinkafa a faranti, ta saurare ni har na gama ba ta ɗago ba. Ta daɗe tana ture tsakuwa da yatsa. Can ta ce, "Gobe Asabar. Za ki je Fagam ki ɗebo mata zannuwa, waɗanda ta zo da su sun yi kaɗan. In kin je ki faɗa wa Iya duk abin da kika faɗa mini. Ki ce ta nuna miki yadda suke miyarsu."

Ban taɓa tafiya ni kaɗai ba. Ko kanti aka aike ni sai na maimaita abin da zan faɗa a raina kafin in isa. Baba ya kai ni tasha ya danƙa ni hannun wani direba da ya sani, ya ce a Gwaram ya sa ni a babur na mutumin kirki. Aka matse ni tsakanin wata mata mai kaji biyu a kwando da wani dattijo da ya rungume buhun taki kamar jariri. Na ɗauko littafi amma ban buɗe ba. Gonaki sun yi kore shar, dawa ta kai gwiwa, mutane sun duƙa da fartanya. Ni dai ina jera abincin da na dafa a raina, ɗaya bayan ɗaya, don kada in manta wani in na zo faɗa.

Na tarar da Iya ta dawo daga gona tana wanke ƙafa a bakin randa. Ta kare ido da hannu ta dube ni.

"La ilaha illallahu! Wa nake gani? 'Yar birni da ƙafarta? Littafin fa, ya yarda ya sake ki?"

"Yana jaka, Iya."

"Na sani ai. Shi za ki aura. Ya yayata?"

Na zauna a tabarma na faɗa mata. Na fara daga tuwon farko, na bi fate, rama, dambu, ɗanwake, har maganar likita. Ina faɗa ina ƙara bayanin yadda na yi kowanne, ko za ta gano inda na kuskure. Dariyar da ke fuskarta ta tafi.

"Hatsin da kike girkin da shi, daga ina?"

"Baba ke aunowa a kasuwa."

"Uhm," in ji Iya. Ta kalli rumbun da ke tsakar gidan, ta sake cewa, "Uhm."

"Umma ta ce ki nuna mini miyarku."

"Ita ta ce haka? To tashi ki yi mini irin taki in gani."

Ta zauna a kujera 'yar tsugune tana kallona, abin da na fi tsana a duniya. Na daka daddawa da barkono da albasa, na zuba a ruwa da ɗan wake dakakke, na bari ya dahu har ƙamshin ɗanyen daddawa ya fita. Na rage wuta, na riƙa barbaɗa kuka da hagu ina kaɗawa da maburgi da dama. Iya ta tuƙa tuwo da kanta. Muka ci a kwano ɗaya. Ta suɗe hannu, ta sa yatsa ta kewaye kwanon miyar.

"Wa ya ce ba ki iya miya ba?"

"Kowa."

"Kowa ya ci gidansu. Jinkiri gare ki kamar hawainiya, amma miyarki miya ce. Tashi ki hau rumbun can, ni gwiwata ta daina hawa tsani."

Na hau, na ɗaga murfin, zafi da ƙamshin hatsi suka bugi fuskata. Na miƙo mata dammunan dawa. Da yamma matan maƙwabta suka taya mu sussuka da sheƙa, suna tsokanata wai 'yar boko tana riƙe taɓarya kamar biro. Iya ta zuba dawar a buhu. Ta shiga ɗakin Kaka ta fito da kuka a tsohon gwangwani, da daddawar da Kaka ta yi da hannunta, da kanwa, da wake, da kwalbar man gyaɗa. Zannuwan da aka aiko ni ɗauka sai da na tuna mata.

"Iya, in na je me zan ce mata?"

"Kada ki ce komai. Ki shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ki juye dawar ki yi ta tsinta, tunda tsinta kin iya."

"Amma me ya sa ba ta cin nawa? Dawa ai dawa ce."

Iya ta ɗaure bakin buhun ta ja da haƙori.

"Ni ƙanwa ce, ba na kwance wa yayata zani a kasuwa. Ke jika ce, ku kuke da baki a wurinta. In ta samu ƙarfi ki tambaye ta."

Na kwana, da safe aka ɗaure buhun a bayan babur.

Baba yana ƙofar gida lokacin da aka sauke ni. Ya amsa gaisuwata, ya dubi buhun, fuskarsa ta canja.

"Wannan fa? An ce musu hatsi ya yanke mana ne?"

Sai ga muryar Umma daga cikin zaure, kamar dama tana tsaye tana jira.

"Tsaraba ce, Malam. Yarinya ta je gidan kakanninta, sai ta dawo hannu Rabbana? Ai sai a yi da su a gari."

Baba ya juya. Ya dubi zauren, ya dubi buhun. Ban san abin da ya gane ba, bai taɓa faɗa ba. Ya ce, "To, Allah ya amfana," ya naɗe hannun riga ya ɗauki buhun da kansa ya kai har tsakar gida, ya fita. Ran nan bai dawo cin abincin rana ba, ya aiko a ce an gayyace shi walima.

Na yi yadda Iya ta ce. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Kaka, na juye dawa, na zauna ina tsinta. Ban ɗago ba, amma na ji motsin gado. Na ji jan ƙafa. Labule ya ɗaga. Kaka ta dafa bango ta zauna a dokin ƙofa, wurin da ba ta taɓa zama ba tunda ta zo. Ta miƙa hannu ta damƙi dawar, ta bar ta tana zuba ta tsakanin yatsunta. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza.

"Kaura ce," in ji ta. "Ta gonar gindin dutse. Wa ya hau mini rumbu?"

"Ni ce."

"Ke? Ba ki faɗa ciki ba?" Ta jawo gwangwanin kukar ta buɗe ta shinshina, ta shinshina daddawar. "Kin rufe shi da kyau dai ko? Ruwa ake yi."

"Na rufe, Iya ta duba."

"Iya ta iya duba wani abu ne? To zaman me kike yi? Rana tana yi. Ɗauko turmi."

Daga nan gidan ya koma nata. Tana zaune a dokin ƙofa tana ba da umarni da 'yar muryarta. Ruwan surfen ya yi yawa. Ba haka ake bakace ba, dusar tana komawa ciki. Kada a kai inji a haɗa mata da niƙan wasu, a tsaya a kai a gani. Da na dawo daga inji na ɗora ruwa, ta ce in matso da murhun inda za ta riƙa gani. Na yi talge, na zuba ruwan kanwa, ya yi ta ɓararraka. Na ɗauko kofina zan auna gari, ta ce in ajiye kofin nan kafin ta jefe ni da shi, muciya ce ke faɗa wa mutum in gari ya isa. Na tuƙa har kafaɗata ta yi tsami. Na rufe ya turara, na kwashe da mara. Miyar kuwa yadda na saba na yi ta, ba ta ce uffan a kai ba.

Na zuba mata malmala ɗaya, don kada in sake ganin biyu sun dawo. Ta wanke hannu, ta yi bismilla. Na juya baya ina kankare tukunya, kunnena yana wurinta. Ba na jin komai sai ƙarar yatsa a jikin kwano.

"Ƙawata."

"Na'am."

"Rowa aka koya miki a makarantar? Ƙaro rabi. Kuma ƙanzon nan ki jiƙa mini shi, kada ɓarayin ƙannenki su gan shi."

Umma tana ɗakinta, ƙofa a buɗe. Na hango ta zaune a bakin gado da littattafan 'yan ajinta a cinya, ba ta duba ko ɗaya. Yanzu ina zaton tun kwanon farko ta san komai, hanyar da za ta bi ba tare da ta taɓa mijinta ko uwarta ba ce ta ɗauke ta lokaci.

Daga ranar tukunya biyu nake ɗorawa, ƙarama ta Kaka da kayanta, babba ta gida. Ta ci tuwo, ta ci ɗumame da safe, ta sha kunun dawa da tsamiya. Ta fara sallah a tsaye. Ta fara zagaya tsakar gida tana gaya mana duk abin da muke ajiyewa ba daidai ba. Da muka koma asibiti, ma'aikaciyar nan ta dubi sikeli ta ce, "A'a, 'yammata, an koyi girki ke nan!" Likita ya rage magani, ya ce tana iya komawa Fagam, sai dai a kawo ta in an ga wani canji.

Ana gobe za a mayar da ita, da hantsi, gidan ba kowa sai mu biyu. Na kwaɗa zogale, ta ce in kawo mu ci tare. Muna ci tana ture hannuna daga wajen da ƙuli ya fi yawa. Na daɗe ina juya maganar a bakina. Sai da kwanon ya kusa ƙarewa na iya fitar da ita.

"Kaka, don Allah in tambaye ki. Wancan abincin da na yi ta kawo miki kina mayarwa, me ya rage a cikinsa? Yadda nake yi yanzu haka nake yi a da. Na ɗauka ko ƙyamar hannuna kike yi."

Ta tsaya da tauna. Ta dube ni sosai, ta ga da gaske nake. Ta leƙa wajen zaure ta tabbata ba kowa, sannan ta matso ta rage murya.

"Kayya, ƙawata, ashe abin da kika ɗora wa ranki ke nan? Ubanki surukina ne. 'Ya na ba shi, ban ba shi cikina ya cika ba. Mutumin nan ya ɗauko ni tun daga Fagam, ya kwana a barandar asibiti sauro yana cin sa, ya bar mini ɗakinsa, ga damina, yana auno hatsi a kasuwa yana ciyar da ku. Sannan in baje in buɗe baki, a fito da kwano a suɗe ya wuce ya gani? Uwata ba ta yi ba, ni ma ba zan fara ba. Girkinki ba abin da ya yi mini. Da a Fagam kika dafa shi, da har tukunyar sai kin ɓoye."